Watan da Baba Ya Daina Kuskure

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya aiki, yaya zaman teku, yaya kuma gwiwar nan taka da kake ɓoye wa likitan jirgi? Na san sai jirginku ya tsaya a wata tasha kafin saƙona ya iso hannunka, don haka zan zuba surutuna son raina, tunda yau babu damar ka katse ni.

Ka tambaye ni wai takamaimai me nake yi a kamfanin magani, ni da ko allura ba na iya kallo. To buɗe kunne, don ba zan maimaita ba. Kamfanin namu yana kai wa masu suga da hawan jini maganinsu har gida. Duk wata mutum zai buɗe shafinmu a wayarsa ya cike fom: ga gurbin suna, ga na ranar haihuwa, ga na lambar waya, ga adireshi, ga yawan maganin da yake so. Dole a cike su duka kowane wata, don magani ba sabulu ba ne da za a ba duk wanda ya miƙo hannu. Ni ce mai gadin guraben nan. Ni nake rubuta ƙa'idojin da na'ura take bi ta gane abin da aka shigar ba daidai ba. In ka sa harafi a gurbin lamba, ko lambar wayarka ba ta cika ba, ko ka ce baɗi aka haife ka, ko sunanka bai dace da na takardar likita ba, sai gurbin ya yi ja, ɗan rubutu ya fito a ƙasa yana cewa ka gyara.

Abin da na'ura ta ƙi karɓa ba ya ɓata. Yana faɗawa wani wuri da muke kira kwando. Aikina na farko kowace safiya, kafin shayina ya huce, shi ne in zazzage kwandon nan in ga inda mutane suke tuntuɓe, in gane ko laifinsu ne ko na ƙa'idata. Za ka sha dariya da ka gani. Akwai wanda a gurbin adireshi ya rubuta wai kowa ya san gidansa. Ni da Dogo, abokin aikina da teburinsa ke manne da nawa, wani lokaci sai mun riƙe ciki, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti a bayanmu kamar tana taya mu.

Ba a nuna mana waye mai shigarwar, lambar rajistarsa kaɗai muke gani. Amma lambar Baba na haddace ta, tunda ni na yi masa rajista. Kuma Yaya, wanzami ba ya son jarfa! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ja wa yara jan biro a littafin lissafi, yau na'ura ce take ja masa. Duk wata sai ya kira ni ya yi faɗa, wai na rasa wanda zan gwada wa iko sai uban da ya koya mini ƙirga yatsu. Kurakuransa na san su kamar tafin hannuna. Babban yatsansa yana danna lamba biyu tare. Sannan ba ya taɓa rubuta sunansa ba tare da ya sa Malam a gaba ba, na'ura ta ƙi, shi ma ya ƙi, sai sun gaji da juna yake cirewa.

Sai dai na watan nan ya ɗan tsaya mini a rai. A gurbin ranar haihuwa ya sa kwanan watan ranar da yake cikewa. Wannan ba komai ba ne, mutane da yawa suna yi. Amma a gurbin suna, sunan Mama ya rubuta, cikakke, babu harafin da ya kauce. Na'ura ta ce bai dace da takardar likita ba, ya sake rubuta shi. Sai daga baya ya sa nasa, aka wuce. Na ce wa kaina kewa ce, Allah ya ji ƙanta, wataƙila ita ce a ransa a safiyar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan karon bai kira ya yi faɗa ba.

Kada ka sa abin a ranka, ka san ni da tsince-tsince. Ka gaida abokan aikinka, ka kuma daina hawa matakala da gudu. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma fatan kana lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Ni lafiyata ƙalau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Ban jira amsarka ba na sake rubutowa, don ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana in ba kai ba.

Akwai wata ƙa'ida da na rubuta tun farkon zuwana: ba a barin mutum ya sake odar magani sai na hannunsa ya kusa ƙarewa. Na yi ta ne saboda masu saye su sayar. Ban taɓa zaton Baba za ta kama ba. An kai masa maganinsa na wata guda, mai babur ɗin da ke kai mana kaya ya tabbatar ya miƙa masa hannu da hannu. Ba a rufa mako ba sai ga lambarsa a kwando, yana neman wani. Na'ura ta ce lokaci bai yi ba. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Kullum na buɗe kwando da safe lambarsa nake fara nema.

Jiya kuwa ya canza adireshi. Yaya, gidan malamai na bayan makaranta ya rubuta, inda aka haife mu, har da lambar ƙofa. Gidan da aka rushe tun ina firamare aka mai da wurin filin ajiye motoci. Na'ura ta duba taswira ta ce babu wannan wuri. Na zauna ina kallon jan rubutun da ni na tsara da hannuna, wai a duba adireshin a sake gwadawa, sai na ji kamar ni ce nake tsaye a kansa ina faɗa masa haka. Dogo ya tura mini gyaɗarsa, na kasa ci.

Ka san abin da nake tsoro. Maganin wata guda ba ya ƙarewa a mako sai da dalili. Ko dai ya ajiye ya manta inda ya sa, ko kuma yana sha ya manta ya sha, ya sake sha. Maganin suga kuwa ba abin wasa ba ne, in ya yi yawa yana kwantar da mutum ba tare da ya yi ko ihu ba. Ga shi shi kaɗai a gidan nan tun rasuwar Mama, ya ƙi mai aiki, ya ƙi ya dawo wurina.

Da na tashi daga aiki na kira shi. Wallahi da za ka ji muryarsa sai ka ce ni ce mahaukaciya. Ya ɗauka da fara'a, ya kira ni da sunan nan da yake tsokanata da shi, ya tambayi aiki, ya tambayi ko na ji daga gare ka, har ya ce in faɗa maka kifayen teku sun gaji da ganin fuskarka. Na tambaye shi magani, ya ce yana nan, yana sha yadda likita ya ce. Komai na tambaya, lafiya lau.

A nan ne na yi abin da ban so na yi ba. Baki shi ke yanka wuya. Cikin wasa na ce masa ai ina ganin kurakuransa a wurin aiki, har tsohon gidanmu ya tura mu kai magani. Na zaci zai yi dariya ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya tambaye ni, da muryar nan tasa ta cikin aji, ko duk abin da ya rubuta nake gani. Na ce a'a, sai wanda na'ura ta ƙi karɓa kaɗai. Ya maimaita maganar a hankali kamar mai bita. Sannan ya ce to madalla, wai ana sallama a ƙofa, ya kashe.

Ban san me zan yi ba. In na matsa masa zai rufe mini ƙofa, ka san halinsa. Don Allah da zarar ka samu takardun nan ka rubuto mini abin da kake gani. Allah ya sa tsorona ya tashi a banza.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Wa alaikumus salam, amsarka ta iso, na gode. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ina fatan wannan ma za ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta inda ka ce aikina ya sa ko a ruwan sha sai na ga kuskure, kuma duk tsoho yana mantuwa. Ban ji haushi ba, na ma yi addu'a Allah ya sa kai ne mai gaskiya. In da abin da zan faɗa maka yanzu a takarda kawai za a duba, to ka ci gari. Baba ya daina kuskure.

Tun ranar da muka yi wayar nan lambarsa ba ta sake faɗowa kwando ba. Lokacin odar wannan wata ya zo, na zauna ina jira in ga Malam a gaban suna, in ga lambar da yatsa ya danna biyu. Shiru. Na duba ɓangaren waɗanda suka wuce, sai ga odarsa ta shige tas, a gwaji na farko, babu gurbin da ya yi ja. Dogo ya ce in yi murna, tsoho ya kammala karatu. Na yi yaƙe kawai, don ni na san ruwa ba ya tsami banza.

Bari in gaya maka abin da na gani. Muna auna tsawon lokacin da mutum yake ɗauka yana cike fom, saboda mu kama na'urorin ɓarayi masu cikewa cikin ƙiftawar ido. Baba yakan ɗauki lokacin da za ka dafa shayi ka shanye. Wannan kuwa kafin ka ɗaura igiyar takalmi an gama. Hannun wanda ya saba ne, mai bugawa da yatsu goma. Sannan ba daga waya aka cike ba, daga kwamfuta ne, kuma ni da kai mun san babu kwamfuta a gidan nan. Na uku shi ne ya hana ni cin abincin rana: an canza lambar da mai babur zai kira in ya iso. Lamba ce cikakkiya, babu abin da ƙa'idata za ta ce da ita, amma ban san mai ita ba.

Na sauka ƙasa wurin masu rarraba kaya, na roƙi a haɗa ni da mai babur ɗin garinmu. Ya ce shi yanzu ba ya ma kaiwa ƙofar gida. In ya kira, wata mata ce mai tabarau take fitowa bakin kwana ta karɓa ta sa hannu. Na ce tsohon fa? Ya ce rabonsa da ganinsa tun watan jiya. Na kira lambar matar daga wayar ofis, aka ɗauka, na yi sallama na faɗi ko ni wace ce, sai aka kashe. Na sake kira ba a ɗauka ba.

Na san abin da za ka ce, wai ko Baba amarya ya samu yana ɓoye mana. Wallahi da haka ne da na fi kowa rawa. Amma wace irin mace ce za ta karɓi maganin mutum a kan titi, ta ji sunan 'yarsa ta kashe waya? Ina maganin yake tafiya? Yana kai wa bakinsa ma kuwa?

Shi kuwa a waya sai ƙara lafiya yake yi. Na tambaye shi wa yake cike masa fom, ya ce shi da kansa, wai ɗalibi mai ƙoƙari ba ya maimaita aji. Amma Yaya, da na tambaye shi me ya ci da rana, sai da ya yi jim, na ji wata murya ƙasa-ƙasa a kusa da shi, sannan ya ba ni amsa. Na ce wa ke nan, ya ce rediyo ce.

Duk ƙa'idojin da na rubuta an yi su ne don su kama abin da bai yi daidai ba. Ba ni da ko ɗaya da za ta kama wanda ya yi daidai fiye da kima. Na nemi hutu, shugabarmu ta ce sai mun gama ɗora sabon shafi, ƙarshen wata. Ina lallaɓa zuciyata in kai lokacin, ban san ko zan iya ba. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Auta


Yayana,

Sallama da gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da gajartar wannan, a tashar mota nake rubuta ta a kan gwiwata.

Yau da safe lambar Baba ta dawo kwando. Daga wayarsa aka shigar, kuma hannunsa ne, na gane shi, don an daɗe ana bugawa. Ba lokacin oda ba ne ma. A gurbin suna lambobi ne. A gurbin ranar haihuwa lambobi, a adireshi lambobi, har a gurbin yawan magani. Da farko na zaci yatsa ne ya yi ta yawo a kan gilashi. Sai da na karanta su a bayyane na gane. Lambar wayata ce, Yaya. Ita ya yi ta rubutawa a kowane gurbi, kuma babu inda ta cika, duk sai ta tsaya kafin ƙarshe. Kowane gurbi ya yi masa ja. Ya yi ta danna maɓallin aikawa, na'ura tana ce masa ya gyara.

Na kira shi nan take, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na shiga ofishin shugabarmu na ce mata zan tafi, in ta ga dama ta ajiye mini kujerata, in ba ta gani ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Dogo ya ce zai riƙe mini kwando. Ban gaya wa Baba ina zuwa ba, ba kuma zan gaya wa kowa ba, ina so in tarar da gidan yadda yake. Zuwa da kai ya fi saƙo.

An fara kiran fasinja. Zan rubuto maka duk abin da na tarar, mai daɗi ko marar daɗi.

Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Daga gida nake rubuto maka, a kan teburin cin abinci. Abu na farko da za ka so ji: Baba yana raye, yana kan ƙafafunsa, yanzu haka yana barcin rana a ɗakinsa. Sauran maganar ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta.

Na iso da hantsi, bayan mun kwana a hanya. Ƙofar gida a share, an ba shukokin Mama ruwa. Na ƙwanƙwasa, shi da kansa ya buɗe, cikin farar rigarsa a goge, ya ɗan rame amma tsaf. Na buɗe baki zan ce Baba, sai ya riga ni. Ya yi mini sannu da zuwa cikin ladabi, ya matsa gefe, ya nuna mini kujerar baƙi. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida. Na zaci tsokana ce, ina jira ya fashe da dariya. Sai ya zauna ya haɗa yatsunsa, ya tambaye ni ɗan aji nawa ne yaron nawa, wai in dai maganar sakamakon jarrabawa ce in kwantar da hankalina, lissafi ba ya gagarar mai haƙuri. Yana kallon tsakiyar idona yake faɗar haka.

Ban san tsawon zaman da na yi a kujerar nan ba. A jikin ƙofofi duk an manna ƙananan takardu da rubutun hannunsa, wannan banɗaki, wannan kicin. Ina cikin kallonsu aka yi sallama, wata mata mai tabarau ta shigo da kwanon abinci da ƙwayoyin magani a ɗan murfi. Tana ganina ta tsaya cak. Ita ta gane ni, don hotona yana rataye a saman kan Baba.

Mai shagon buga takardu ce ta bakin kwana, tsohuwar ɗalibarsa, ta girme ka kaɗan. Sai da ta ba shi magani ta ga ya haɗiye, sannan ta ja ni kicin. Na shiga da niyyar in ci mutuncinta, na fito ban iya haɗa ido da ita ba. Ta ce wata safiya ta ga bai fito sayen burodi ba, ta leƙo, ta same shi a ƙasan kicin ɗin nan, gumi ya jiƙa shi, ba ya magana. Sugansa ne ya faɗi, ya sha magani a kan magani. Ita da mijinta suka kai shi asibiti. Tun ranar take ajiye maganin a shagonta, tana kawo masa na kowane lokaci, ta kuma sa aka ɗauke tukunyar gas.

Na ce me ya hana ta neme mu? Ta ce ta so, shi ya hana. Wata rana da kansa yake garau, ya je shagonta da ƙafarsa ya zaunar da ita. Ya ce ya san abin da yake samunsa, ya riga kowa ganewa, don ya ga lissafin da yake yi a ka ya fara zubewa. Ya ce Auta tana ganin abin da na'ura ta ƙi karɓa ne kaɗai, don haka kada ta bari na'ura ta ƙi komai. Ya ce in muka sani, kai za ka bar jirgi, ni in bar aiki, mu ɗauke shi daga gidan da matarsa ta rasu a ciki mu kai shi wani bene a birni ya zama kaya. Ya sa ta yi masa alkawari, ita kuma ba ta taɓa yi wa Malam musu ba. Ita ce take raɗa masa amsa in na kira tana kusa. Ta ce ranar da na kira ta ta kashe, sai da ta rufe shago ta yi kuka. Jiya kuwa ta je biki ne na ɗan lokaci, ta dawo ta tarar da shi da waya a hannu, yana cewa yana neman 'yarsa an hana shi.

Na ji haushinta, na ji haushinsa, na kuma gode mata har ban san da wane baki zan faɗa ba. Amma abu ɗaya ya ƙi shiga kaina. Na ce mata ai shekaranjiya ma mun yi waya, ya kira sunana, ya tsokane ni. Ta ce e, in waya ta yi ƙara sunan mai kira yana fitowa da manyan haruffa, karatu kuwa bai bar shi ba tukuna. In ya karanta sunan sai komai ya dawo masa na ɗan lokaci. Fuska ce ba ta zuwa da rubutu.

Na fita tsakar gida na tsaya bayan tagar falo, inda labule ya ɗan buɗe. Yana zaune inda na bar shi, yana kallon kujerar da na tashi daga kai. Na kira lambarsa. Wayar ta yi ƙara a kan tebur, ya ɗauka ya nisanta ta da idonsa ya karanta. Yaya, da ka ga fuskarsa. Gaba ɗaya ta buɗe, ya gyara zama, ya kira ni da sunan tsokanar nan da ƙarfi har ina jin sa ta taga da ta waya lokaci guda. Ya ce lafiyarsa lau, magani yana nan. Ya ce ya yi baƙuwa ma yau, wata baiwar Allah mai hankali, ta ɗan fita. Sannan ya rage murya ya ce ba don ya takura mini ba, ya san aiki, amma yaushe zan zo ne, ya daɗe bai sa ni a ido ba.

Na ce masa ina nan tafe, Baba, na kusa.

Ba zan koma ba. Gobe zan kai shi wurin likita, zan kuma share ɗakinmu na da in zauna. Kai kuma duk tashar da jirginku ya tsaya, ka sauka ka taho, kada ka jira ƙarshen kwangila, don likitan da ya duba shi a asibiti ya gaya wa matar nan karatun ma ba zai daɗe ba. In ka iso kada ka ƙwanƙwasa. Ka tsaya a bakin ƙofa ka kira wayarsa tukuna, ka bari ya yi maka maraba da sunanka, sannan ka shigo.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da mu.

Ƙanwarka,
Auta